Ungulayen Kadi Mai Tumbi

A Yamai ba a san wanda ya taɓa yi wa ungulu godiya ba, kuma Kadi mai tumbi ba ta nemi ta zama ta farko ba. Idan aka ce tana son tsuntsayen nan sai ta ɓata rai, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, aiki ne ya haɗa su. Gaskiya take faɗa. Fiye da shekara talatin tana samun abinci ta dalilinsu, su ma suna samu ta dalilinta, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya kai ƙarar ɗaya ba.

A Tawa aka haife ta. Aure ya kawo ta Yamai, gidan Tanimu, mahauci ɗan mahauta, mai tebur a wajen kasuwar Piti Marshe. Suka kama ɗaki a unguwar Yantala, cikin gidan haya mai famfo ɗaya wanda ya fi yawan kawo iska. Tanimu ba mugu ba ne, ba kuma mai tanadi ba ne. Da ya rasu ya bar mata wuƙaƙe, da ɗiya ɗaya, Balkissa, da wata al'ada ta danginsu wadda ta fi gadon amfani. A gidansu idan mahauci ya mutu, ƴan uwansa sukan bar wa matarsa kayan cikin dabbobin da suka yanka, tumbi da hanji da huhu, ta wanke, ta dafa, ta sayar, ta riƙe kanta. Sai dai sana'ar ba tata ba ce. Aro ce. Ranar da ta yi tafiya ko ta kwanta ciwo, dangi ne za su sa wanda zai riƙe, ba ita za ta zaɓa ba. Kadi ta karɓa da sharaɗin, don ba a kawo mata wani abin da za ta zaɓa ba.

Wanda bai taɓa wanke tumbin bijimin sa ba bai san yawan abin da sa yake tafe da shi ba. Aikin yana cin ruwa, ruwa kuwa a Yantala saye ake yi, kuma maƙwabta suna da hanci. Don haka ta bi bakin kogi har Gudel, ta sami wani ɗan fili tsakanin garake da ruwa, ƙarƙashin wasu manyan maɗatai. Filin na Abdu ne, wani Bazabarme mai garkar salati da shu, wato kabeji, mutum mai ƙarancin magana. Ya bar ta ta yi wankinta ba tare da ya karɓi komai ba, amma ya ce in azahar ta yi kada ya ga datti, kada ya ji wari. Idan ƙuda ya koma kan salatinsa, ko karnuka suka shigo suka tattake masa shuka, to ta nemi wani wuri. Sau ɗaya ya faɗa, bai sake maimaitawa ba, kuma ita ba ta manta ba.

Ita kaɗai ba za ta iya cika wannan sharaɗi ba ko da na mako ɗaya. Ungulaye ne suka cika mata shi.

Da hantsi take isowa, daro bisa kai. Ta zazzage dattin tumbi a gefe, ta yanke kitsen da ya lalace da guntayen da ba su shiga tukunya, ta tara. In ta gama sai ta buga gefen daron da ƙotar wuƙa. Da fari don ta kakkaɓe shi take bugawa. Tsuntsayen ne suka mayar da bugun sallama, ita kuma ta bar shi a haka. Kafin ta ɗauraye hannu wurin ya cika, kafin ta ɗaura ganwo ya zama fes, sai ƴar danshin ƙasa da rana za ta shanye.

Mutumin da yake tsugune wuri ɗaya shekara da shekaru dole ya ga abin da ke gabansa, ko ba ya so. Kadi ta lura ungulu ba ta kiran ƴar uwarta. Hankaka yana ihu, shirwa tana kuka, ungulu kuwa shiru take, sai ɗan huci idan an matse ta. Maganarsu da ido ce. Kowacce tana shawagi can sama tana kallon ƙasa da rabin hankalinta, sauran rabin yana kan ta kusa da ita. Da ɗaya ta naɗe fiffike ta sauke ƙafafu, ta kusa ta gani ta biyo, ta bayanta ma ta biyo, har labarin ya tsallaka kogi ya kai Haro Banda ba tare da an ce uffan ba. Ta lura kuma fuskar manya fara-fara ce mai ɗan ja, amma idan rai ya ɓaci wajen rabo sai ta rine ta yi jawur, ƙaramar da ke gefe ta gani ta ja baya. Ƙananan, masu duhun kai, a baya suke tsayawa. Ba su taɓa abin da babba ba ta taɓa ba, ba su matsa kusa da mutumin da babba ba ta matsa ba. Haka suke koyon duniya, daga bayan manya.

Akwai wata tsohuwa mai guntun yatsa ɗaya, ita take fara sauka kullum. Sai ta taka ƙasa, ta zagaya, ta ɗauki lomar farko, sannan saura su yarda. Ma'aikatan garkar Abdu suka sa mata suna Direkta, wai don ita take fara ci kuma ba a taɓa ganin ta ɗauki komai ba. Kadi ba ta kiranta da sunan. Ta ce wanda ya sa wa ungulu suna, gobe zai yi mata ɗinkin salla.

Ta san kuma sirrinsu na gida, tunda bisa kanta suke kwana. Namiji da mace ba su rabuwa. Sheƙarsu ɗaya ce a ƙwanƙolin maɗaci, ita suke gyarawa kowace shekara idan sanyi ya shigo. Ƙwai ɗaya suke yi, su yi ta karɓa-karɓa a kansa, kuma ko bayan ɗan ya yi fiffike sai ya yi watanni yana bin su yana roƙo. Kadi, wadda ta haifi biyar ta binne huɗu, ba ta ga abin dariya a ƙwai ɗaya ba.

A shekarun farko idan suka sauka ba a ganin ƙasa. Daga baya suka fara raguwa. An sare wasu maɗatan, an kuma fara jin cewa akwai masu sayen kan ungulu suna kai wa bokaye, wai yana kawo sa'a a kasuwa da farin jini wajen manya. Ba a taɓa bayyana dalilin da ya sa kan da bai iya tsare mai shi ba zai tsare wani, amma ana saye. Tsuntsayen suka ɗauki darasi. Suka daina sauka inda namiji yake tsaye. Ko Abdu ne ya gifta da buta a hannu, sai su tashi su koma bisa itace har ya wuce. Kadi kaɗai suke ci a gabanta, har su taka mata gefen zane. Waɗanda suka rage ba su wuce ashirin da ƴan kai ba, amma sun ishi aikin.

Balkissa ta yi lakwal, wato boko, ta auri wani malamin makaranta aka kai su Tawa. Cikinta biyu suka zube. Da na uku ya tsaya har ya tsufa, ba a yi shawara da kowa ba a kan ko Kadi za ta je wankan jego: Balkissa uwa ɗaya gare ta, Kadi ɗiya ɗaya gare ta. Dangin Tanimu suka zauna suka ce Sanusi zai riƙe sana'ar har ta dawo. Sanusi ɗan yayan mijinta ne, ya ba talatin baya, ya gwada sana'o'i da dama kuma duk sun gaji da shi kafin ya gaji da su. Yawancin ranarsa a fada take ƙarewa, inda samarin unguwa suke dafa shayi suna gyara ƙasa da baki.

Kadi ta kai shi Gudel ya ga aikin. Ya wanke tumbin yana kawar da kai, ya tara guntayen, ta miƙa masa wuƙa ya buga daro. Ungulayen suka zo suka jeru bisa maɗaci suna kallonsa. Ko ɗaya ba ta sauka ba. Sai da ta kore shi can bayan injin ban ruwa sannan Direkta ta diro.

Wannan ya hana ta sukuni. Idan ta yi kwana arba'in a Tawa tsuntsayen ba su sauka ba, datti zai taru, Abdu zai tuna maganarsa, ta dawo ta tarar ba ta da wuri. Ba za ta iya cewa a canja mata Sanusi da wata mace ba, don ba ita ke zaɓa ba. Ba za ta iya ƙin tafiya ba. Abin da ya rage shi ne ta koya wa ungulayen cewa wannan namijin dabam yake da sauran. Kuma ta san hanyar, tunda ta ga yadda suke koya wa nasu.

Ta tsayar da shi a bayanta, nesa kaɗan, kamar ƙaramar ungulu. Ta ciro wani tsohon mayafinta mai ruwan ƙasa, wanda suka saba gani, ta ce ya yafa.

"Haba Inna, ni da gemuna? In ƴan fada suka gan ni ai na gama yawo a Yantala."

"Su ba gemu suke dubawa ba. Yafa, ka tsuguna, kuma kada ka kalle su. Kallo ne ba su so."

"To in sun tambaye ni sunana fa?"

"Ka ce musu malalaci. Sun riga sun sani."

Kullum tana matso da shi kaɗan. Ta hana shi ɗaga hannu da sauri, ta hana shi tari, ta nuna masa yadda ake jefa guntun nama ƙasa-ƙasa ba daga sama ba. Ma'aikatan garka suka samu abin kallo, suna kiransa amarya. Ya yi ta gunaguni, amma ya jure, abin da ya ba ta mamaki har ta fara jin kunyar zaton da take yi masa. Ana nan wata safiya Direkta ta zagayo ta ɗauki kitse a gaban ƙafarsa. Saura suka gani suka biyo. Bayan ƴan kwanaki Kadi ta koma cikin salati ta zauna, shi ya buga daron, suka sauka. Daga baya ko mayafin ba ya buƙata. Kadi ta hau motar Tawa da kwanciyar hankalin wadda ta gama aikinta da kyau, kuma lalle ta gama shi da kyau.

Balkissa ta haifi namiji, ya zo da rai, ya kuma zauna. Kadi ta dafa ruwan zafi safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ta yi faɗa da surukan ɗiyarta daidai gwargwado. In ta kira Sanusi a waya sai ya ce komai lafiya, baƙinta suna gaishe ta. Ba ƙarya yake yi ba a lokacin. Ya yi lissafinsa: ya bar su suna share masa wurin har satin ƙarshe.

Washegarin dawowarta ta karɓi kaya ta nufi Gudel. Tun daga nesa ta ga sama wayam. Abdu ya taro ta a bakin garka, ya yi mata fofo irin gaisuwar Zabarmawa da barka da arziki, ya tambayi mai jego da jariri, bai tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Sannan ya faɗa mata, a tsaye, daron yana kanta.

Ya ce Sanusi ya zo wajensa ya roƙi ɗan maganin ƙwarin da suke fesa wa shu, wai ɓeraye sun dame su a gida, shi kuma ya ba shi, tunda ba a hana maƙwabci irin wannan. Washegari Sanusi ya zo da wani baƙo mai buhu, ya ɓoye shi bayan injin ban ruwa. Ya yi wanki kamar kullum, ya buga daro. Mai guntun yatsa ta sauka ta ci, saura suka biyo. Ba a jima ba suka fara tangaɗi suna amai, suna faɗuwa da fiffike a buɗe. Waɗanda ke sama suka hango ƴan uwansu da yawa a ƙasa, abin da a saninsu yake nufin nama ya samu, sai su ma suka sauko. Kafin ma'aikatan su gane abin da ake ciki su rugo, baƙon ya gama yanke kawunan ya hau bayan babur. Gangar jikin ya bar musu. Su suka haƙa rami suka binne, tare da karnuka biyu da suka riga su isa wurin.

Kadi ta sauke daron. Ta tambaye shi ko akwai waɗanda suka tsira. Ya ce yana ganin huɗu ko biyar, waɗanda suka makara. Daga nan ta tsuguna ta wanke tumbinta, don tumbi ba ya jira.

Tana cikin wankin ta ji wani siririn kuka daga ƙwanƙolin maɗaci. Lokacin sanyi ne, akwai ɗa a sheƙa. Ya yi kukan ranar, ya yi washegari. Itacen ya fi ƙarfin hawan kowa a wurin, kuma babu wanda zai karya wuyansa saboda ɗan ungulu. Kafin Juma'a ya yi shiru.

Ta kai maganar gaban yayan mijinta, uban Sanusi, wanda shi ne babban gida. Dattijo ne mai adalci, ya saurare ta har ta gama. Sannan ya tambaye ta a hankali ko tsuntsayen nata ne, ko ta saye su, ko Tanimu ya bar mata su cikin gado. Ta ce a'a. Ya ce to abin da yaron ya yi babu kyau, haram ne ma, amma bai ga abin da za a biya ba, bai kuma ga wanda za a biya ba. Ya ƙara da cewa idan maganar ta fita waje, sunan gidan ne zai ɓaci, kuma a gidan take ci. Aka kira Sanusi aka ce ya ba innarsa haƙuri. Ya durƙusa ya bayar, makullin sabon babur yana leƙowa daga aljihunsa. Ta ce ta haƙura, don haka ake cewa.

Ta koma bakin kogi da sauran fata. Biyar ma za su rage wani abu, kuma in sun ci gaba da sauka wasu za su gani daga nesa su zo. Ta hango su bisa wani maɗaci can gaba. Ta tara guntaye masu kyau, har da hantar da ya kamata ta shiga tukunya, ta buga daro. Bugun farko suka tashi gaba ɗaya, suka tsallaka kogi, ba su waiwayo ba.

Sun koyi sabon darasi, kuma sun fi saurin koyonsa a kan na farko. Ta daina bugun. Ta sayi daron roba, ta canja mayafi, ta canja lokacin zuwa, ta gwada ajiye naman ta koma cikin salati ta ɓuya. Sun san tafiyarta. Wata rana wata ƙarama mai duhun kai, wadda ba ta cikin waɗanda Abdu ya lissafa, ta zo ta wuce ta sama, ta ga nama, ta sauke ƙafafu. Ƙaramar ta duba gefe ta ga manyan sun karkata suna yin nisa, sai ta naɗe ƙafafunta ta bi su. Ba ta ga abin da ya faru ba, ba ta kuma buƙatar gani. Za ta koya wa nata ɗan haka.

Hankaki suka zo, amma hankaka kitse yake tsinta ya bar sauran. Kadi ta ari fartanya ta fara binne dattin. Ta ba sittin baya, ƙasar wurin kuma in ta bushe kamar dutse take, ramin ba ya zurfi. Karnuka suna tonewa kafin gari ya waye, su bi ta cikin garka da abin da suka samu. Ta gwada zubawa a kogi, masunta suka yi magana, haka matan da ke wanki a ƙasa da ita. Ƙuda ya zo, irin koren nan mai ƙara. Matan da ke sarin salati suna kai wa kasuwa suka fara ɗaga ganye suna dubawa, suna taɓe baki, wasu suka wuce garkar gaba.

Abdu ya yi haƙurin da ya fi wanda ya yi alkawari. Har ya sa ma'aikatansa suka taya ta haƙa na wani lokaci, wataƙila don maganin daga hannunsa ya fita. Amma wata rana bayan azahar ya zo ya tsaya inda take ɗaure kaya.

"Uwar Balkissa, ni da ke ba mu taɓa samun saɓani ba."

"Ba mu taɓa ba, Malam Abdu."

"Ina da iyali a kan salatin nan."

"Na sani. Ka faɗa mini tun ranar farko, ba sai ka sake ba." Ta ɗora daron a kai, ya kama mata gefe ɗaya. "In sun dawo fa?"

"In sun dawo, wurinki ne."

Su duka biyun sun san abin da suke faɗa. Ta yi masa godiyar zaman shekaru, ya ce ta yafe masa, ta ce babu komai tsakaninsu sai alheri.

A gidan haya ba a wankin tumbi, don haka ta je ta shaida wa yayan mijinta cewa ta kasa. Bisa al'ada sana'ar ta koma hannun dangi, dangi kuma suka duba suka ga wanda ya riga ya san aikin shi ne Sanusi. Yana wanki a bayan gidansu yana turawa cikin kwata, wadda ba ta kowa ba ce, saboda haka ba ta da sharaɗi. Kadi tana zaune yanzu a ƙofar gida a Yantala da tiren gyaɗa da ƙuli-ƙuli, abin da yake kawo kuɗin koko a ranar da aka yi ciniki. Balkissa tana ta cewa ta komo Tawa, ita kuma tana cewa sai bayan salla, ba ta faɗi wace sallar ba.

Abdu bai bar filin ya zauna banza ba. Da sanyi ya zagayo ya sa aka kafce shi aka ja masa ruwa. Ƙasar da ta sha dattin tumbi shekara talatin ba ta buƙatar taki, kuma masu sari sun ce ba su taɓa ganin salati mai faɗin ganye irin na wurin ba. Ya aika wa Kadi da kwando guda na yankan farko. Ta raba wa maƙwabta, ta ce haƙoranta ba su son ɗanyen ganye.